Hoto Ya Yi Kyau, Amma Ina Manomin?

Tun ranar da aka bayyana sakamakon gasar hotunan jirgin ƙasa, wadda wata ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar ɗaukar hoto ta shirya a nan jami'armu, maganar ta ƙi kwanciya. A ɗakunan kwana ana yinta, a gindin darbejiyar da muke jiran lacca ana yinta, har a teburin mai shayi. Wasu sun ce an yi son kai, wasu kuwa sun ce masu ƙorafin 'yan baƙin ciki ne kurum. Ni dai ban shiga gasar ba, don ba ni da kyamara, wayar da ke hannuna ma fuskarta a tsage take. Amma sau uku ina zuwa zauren da aka kafe hotunan ina dubawa, kuma tun da shekara ta uku ke nan malamanmu suna fama da mu a kan bambancin jigo da salo, na ga ba laifi in gwada ma'aunin da aka koya mana a kan wani abin da ba waƙa ba ne, ba kuma ƙagaggen labari ba. In na kauce, filin wannan mujalla a buɗe yake ga mai gyara.

Jigon da aka bayar yana nan a rubuce a takardar sanarwa: "Jirgin Ƙasa da Manomin Kano". Sharuɗɗan ba su da yawa. An ce ɗalibi shi zai ɗauki hoton da hannunsa a cikin shekarar 2024, kuma ba a yarda da hoton da kwamfuta ta ƙaga ba. Wannan sharaɗi na biyu yana da dalili, gama a 2023 wani Bajamushe mai suna Boris Eldagsen ya ci kyauta a gasar hotuna ta Sony da hoton da ba kyamara ce ta ɗauka ba, sa'an nan ya fito ya faɗa da bakinsa, ya kuma ƙi karɓar kyautar. To, masu shirya tamu gasar sun toshe wannan kafa. Wadda suka bari a buɗe ita ce ta jigon kansa, domin ba su faɗi yadda za a auna shi ba, ba su kuma gaya wa alƙalai matsayinsa a cikin maki ba.

Bari in kwatanta wa mai karatun da bai samu zuwa zauren ba abin da aka kafe.

Hoton da ya zo na ɗaya, jirgin fasinja ne yana fitowa daga tasha da almuru. Rana ta yi ja kamar garwashi a bayansa, haskenta ya kwanta a kan ƙarafan dogo har sun zama kamar zare biyu na wuta, taragai kuwa sun jeru sun ɗan karkata da kwanar hanya, ga ƙurar hunturu ta lulluɓe komai ta tausasa shi. Duk wanda ya shigo zauren a nan idonsa ke fara sauka, ni ma haka. Mai hoton ya san aikinsa: ya san inda zai tsaya, ya san lokacin da zai danna, kuma da ganin hasken nan ba a zuwa ɗaya ya same shi ba. A ƙasan hoton ya rubuta gaskiyarsa, bai ɓoye komai ba: Rigasa, Kaduna. Watau jirgin Abuja zuwa Kaduna ne, wanda aka buɗe a 2016. Babu gona a ciki, babu manomi, babu ko karan dawa guda, kuma tsakanin inda aka ɗauke shi da Kano akwai fiye da kilomita 200.

Na biyu an ɗauke shi ne a kan tsohon layin Nguru, wajen Zakirai. Wani yaro ne ya koro jaki da mangalar taki, jakin ya ɗaga ƙafar gaba zai tsallake dogo. Na uku hoton ginin tsohuwar tashar Kano ne, ba ni da ta cewa a kansa.

Sai kuma wani da bai ci komai ba, an rataye shi can kusa da ƙofa inda haske bai isa sosai ba. Wata ɗaliba ce ta ɗauke shi da waya a ƙasar Minjibir. Wani tsoho ne tsaye da hauya a kafaɗa, a gindin wani dogon tudu na jan marmara wanda ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Kunyoyin gonarsa sun taho a jere sun tunkari tudun, sun tsaya cik. Ta can bayan tudun kuwa kan wata ɗorawa ne ya leƙo. Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya tona: tsohon nan baffana ne, ƙanen mahaifina, ɗorawar nan kuma na sha garin ɗorawarta ina yaro. An ce so hana ganin laifi, saboda haka mai karatu ya rage duk abin da ya ga ya kamata ya rage daga maganata.

Kafin a ce hoto ya dace da jigo ko bai dace ba, sai an warware jigon tukuna. Haka Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a hanyarsa ta feɗe waƙa, inda mai nazari kan fito da jigo, ya kawo shi a gajarce, sa'an nan ya bi shi ya warware. Jigon wannan gasa ƙafa biyu gare shi, jirgi da manomi, kuma 'yar kalmar nan "da" da ke tsakaninsu ita ce ta ɗauki nauyin duka. Ba a ce a kawo hoton jirgi ba, da an ce haka da babu gardama. Abin da aka nema shi ne a nuna inda jirgi da manomi suka haɗu, da abin da ɗaya ya yi wa ɗaya. Wannan haɗuwa kuwa tana da tarihi, kuma tarihin nata shi zai gaya mana irin hoton da ya kamata a sa ido a nema.

A 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, aka fara shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara. Ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa wa rai, don su ciyar da masaƙunsu na Ingila. Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Audugarsa tana da masu saye a gida, ga masaƙa ga marina, gyaɗa kuwa tana shiga tsakanin gero da dawa ba ta hana su, harawarta abincin dabba ce, in kasuwa ta faɗi kuma a ci ta a gida. Da fatake suka zo da farashi mai kyau sai ya karkata ga gyaɗa, har a 1913 abin da aka fitar daga Nijeriya ya wuce tan 19,000, alhali shekarun da suka gabata bai kai ko kusa da haka ba. Daga nan ne manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka bunƙasa, saboda gyaɗar nan kuma aka ja dogo daga Kano ya bi ta Ringim ya isa Nguru a 1930. Ke nan manomi ne ya zaɓa wa jirgi kayan da zai ɗauka, ba Bature ba.

A nan akwai abin lura ga alƙalan hoto. Duk cikin hotunan tarihin Kano babu wanda ya kai na dalar gyaɗa shahara, kowa ya san shi tun daga littattafan firamare. To, me ya sa aka yi ta tara buhuna har suka yi dala? Babban dalili shi ne jirgi ba ya iya kwashe amfanin shekara da sauri, sai kaya su zauna suna jiran tarago wata da watanni. Hoton dala hoton jiran jirgi ne. Ko babu jirgi a cikinsa, reluwe ce ta haife shi, gumin manomi ne kuma a cikin kowane buhu. Bayan farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 dalar ta rushe, amma hoton ya zauna yana ba da shaida cewa ana iya nuna jirgi da manomi tare ba tare da an ga fuskar ko ɗayansu ba.

Adabinmu ma ya riga ya nuna wannan hanya. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda dogo ya ratsa ƙasarsa yana kan gado, da ya tashi yin waƙa a kan aikin, da sunan diga aka san waƙar tasa, watau abin da talaka ya riƙe yana haƙa. Hausa ita kanta da ta ga wannan baƙon abu, sai ta ɗauko sunan jirgin da ta sani na ruwa ta liƙa masa "ƙasa". Mun saba da kalmar har ba ma jin ƙasar da ke cikinta. Amma wanda aka ratsa gonarsa yana ji.

Yanzu sai mu dawo ga ƙasar da hoton baffana ya fito. Wanda bai san karkarar arewacin Kano ba, wajen su Ungogo da Minjibir da Ɗambatta, zai yi zaton ƙauye ƙauye ne, in hanya ta ci gonarka sai ka matsa gaba ka yi sassabe. A wajenmu ba inda za a matsa. Babu daji, babu saura, gona na jingine da gona, gamba ko lalle ne iyaka, gidaje kuma a warwatse suke cikin gonakin. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, tun a shekarun 1960 ya yi nazarin wannan yanki da ke kewaye da birni, ya nuna yadda ake noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba, saboda taki da dabbobi da itatuwan da ake bari a gona, da jakunan da ke kai itace birni su komo da taki. Ƙasar da aka yi shekaru aru-aru ana ciyar da ita da mangala, ga rabon gado yana ta tsaga ta tana ƙanƙancewa, taku goma a cikinta ba abin wasa ba ne. A cikin irin wannan ƙasa ne sabon dogon Kano zuwa Maraɗi ya ratsa. An aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, tsawonsa kimanin kilomita 284, an tsara ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuɗin kwangilarsa kuwa ya kusa dala biliyan 2. A 2024, shekarar da aka ce a ɗauki hotunan gasar, jirgi bai fara bin sa ba. Abin da manomin wannan yanki ya sani na jirgi a shekarar shi ne tifa da katafila da gireda, da kwalbati, da tudun marmara. Duk ɗalibin da ya je can neman jigon da gaskiya, abin da zai samo ke nan.

Na samu ɗaya daga cikin alƙalan uku a ofishinsa, malami ne da nake ganin girmansa, kuma ya saurare ni da haƙuri. Na ce, "Malam, Allah ya gafarta, ina manomi a hoton da ya ci?" Ya yi murmushi ya ce, "To kai kuma ina jirgi a wanda kake so?" Ya ce su gasar hoto aka kira su yi wa alƙalanci, ba jarrabawar tarihi ba, kuma da an ba hoton da ya karkace kyauta an bar wanda ya fi kowane kyau, da 'yan ƙungiyar sun koyi cewa ƙwarewa ba ta da amfani. Ya ƙara da cewa jigo dalili ne kawai na fita da kyamara, ba dabaibayi ba ne.

Maganarsa ba ta banza ba ce, na kuma yi kwanaki ina juya ta. Gaskiya ne jigo yana iya zama dabaibayi. Mun sha ganin gasar rubutu inda aka ce a yi waƙa a kan tsafta ko zaman lafiya, aka samu baitoci cike da jigo har wuya amma babu rai a cikinsu, kamar sanarwar ma'aikatar lafiya da aka yi wa amsa-amo. Ba na fatan a mai da gasar hoto haka. Na kuma yarda cewa alƙali ya kamata ya buɗe ƙirji ga wanda ya zo wa jigo ta bayan gida, ta inda ba a zata ba. Amma fa wannan sassauci, in za a yi shi, wa ya fi cancanta da shi? Tambayar Malam da tawa sun yi kama a baki, a awo kuwa ba ɗaya suke ba. A hoton Minjibir jirgi ba ya nan amma sawunsa na nan, shi ne ma ya cika rabin hoton, kuma duk wanda ya ga tudun nan miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya ya san ba ruwa ne ya tara shi ba. A hoton Rigasa manomi ba ya nan, sawunsa ma ba ya nan. Ka rufe rubutun da ke ƙasan hoton farko da tafin hannunka, jigon yana nan daram. Ka rufe na biyu, sai ka ce tallar hukumar jiragen ƙasa ce, ko bangon kalanda. An yi tuya mai daɗi, an manta da albasa.

Batun cewa jigo dalili ne kawai na fita da kyamara, nan ne na rabu da Malam sosai. Jigo alkawari ne tsakanin masu gasa da masu shiga. Yarinyar nan da ta karanta sanarwa ta biya kuɗin mota daga aljihunta, ta sauka a bakin titi ta hau ɗan acaɓa, ta yini cikin rana tana neman inda jirgi ya taɓa manomi. Wanda ya kai jakinsa Zakirai, ina nufin mai hoto na biyu, shi ma haka. Da sun san ba za a duba jigo ba, da kowa ya kawo mafi kyawun abin da ke cikin wayarsa ya huta. In malami ya ce a rubuta insha'i a kan kasuwar Kurmi, wani ya kawo gangariyar insha'i a kan hawan daba, ai ba a cewa tun da Hausarsa ta fi daɗi shi ya zo na ɗaya. A yaba masa, a ce ya ajiye sai ranar da aka tambayi daba.

A wasu wurare ba a ɗaukar wannan al'amari da wasa. A 2015 gasar World Press Photo ta ba wani Ba'italiye, Giovanni Troilo, kyauta ta ɗaya a wani rukuni saboda jerin hotunansa a kan garin Charleroi na ƙasar Beljiyam. Magajin garin ya yi ƙorafi cewa an ɓata musu suna, aka yi ta ja-in-ja, amma abin da ya kayar da shi a ƙarshe shi ne an gano ɗaya daga cikin hotunan a Molenbeek aka ɗauke shi, cikin birnin Brussels, ba a Charleroi ba. Aka karɓe kyautar. Ba ina kwatanta ɗan'uwanmu da shi ba ne, don shi namu bai ɓoye inda ya tsaya ba, laifin in akwai shi na masu awo ne. Abin da nake so a gani shi ne hoto ɗaya, tazarar kilomita 50 ko makamancin haka, ya isa a ce aiki ya fita daga abin da aka ce yana nunawa.

Haka nan kuma ba gaskiya ba ne a ce dole a zaɓi ɗaya, ko kyau ko jigo. O. Winston Link, Ba'amurken da ya bi jiragen gawayi na kamfanin Norfolk and Western yana ɗaukarsu daga 1955 zuwa 1960, lokacin da suke gab da ƙarewa, babu mai shakkar ƙwarewarsa, da dare ma ya fi yin aikinsa, da fitilu masu yawa da ya jera da hannunsa. Amma abin da ya sa ake tunawa da shi, a yawancin hotunansa jirgin wucewa kawai yake yi ta gefe, mutanen garin su ne a gaba: yara na wanka a rafi, tsofaffi na hira a kanti, saurayi da budurwa na kallon silima a cikin mota. Ya gane cewa ƙarfe shi kaɗai ba ya ba da labari sai an ga wanda ƙarfen ya ratsa rayuwarsa.

To, kada a ce na zo neman wa baffana kyauta. Hoton Minjibir yana da aibu, kuma ba ƙanana ba. An ɗauke shi da tsakar rana, hasken ya yi yawa har sararin sama ya zama fari fat, fuskar tsohon kuma ta faɗa cikin inuwar malafarsa ba a ganin idonsa. Ya ɗan karkace hagu. Akwai wata baƙar leda a gaba da ke jan ido ba dalili, taku biyu gefe da sun kawar da ita. Da mai hoton ta jira la'asar, da jan marmarar nan ya fito da kyau, inuwar tudun kuma ta miƙe ta rufe kunyoyin, da an samu abin da ba a mantawa. Ta samo jigo, salo ya kuɓuce mata. Da ni ne alƙali, na biyu zan ba ta, ko na uku.

Wanda na ga ya cancanci na ɗaya shi ne wanda aka ba na biyu, kuma ina zaton alƙalai sun ba shi wannan matsayi ne don jakin ya ba su sha'awa, ba don sun karanta abin da ke cikinsa duka ba. Mai karatu, in hotunan na nan ba a sauke ba, koma ka tsaya a gabansa minti biyar. Dubi gawon da ke dama, ganyensa shar. Gawo da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi sabo, saboda haka ko ba a rubuta wata ba ka san rani ne. Dubi gonar da ke bayan yaron, taki ne tsibi-tsibi an jera ana jiran ruwa, ga harawar wake an ɗora a cokalin wata tsamiya don kada awaki su kai gare ta. Dubi ƙarfen dogon kansa. Siriri ne irin na zamanin Turawa, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, ba irin sabon nan mai faɗi ba, kuma samansa ya yi tsatsa, alhali dogon da jirgi ke bi kullum samansa ƙyalli yake yi. Sa'an nan dubi inda jakin zai taka: ƙasa ta cike tsakanin ƙarafan ta yi turba, alamar ƙafafu sun daɗe suna bi ta nan ba mai tsoron komai. Layin da aka ja don gyaɗa a 1930, ga shi taki na tsallake shi a bayan jaki, kamar yadda yake tafiya tun kafin a haifi wanda ya ƙago reluwe. Duk wannan a hoto ɗaya, ga haske mai taushi na safiya, ga ƙafar jaki a sama an kama ta daidai lokacin. A nan jigo da salo suka ci tuwo a akushi ɗaya.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ƙungiyar ta duba kafin baɗi. Alƙalan nan uku duka masana ne, amma masanan haske da kyamara. Babu ko ɗaya a cikinsu, bisa ga abin da Malam ya gaya mini da kansa, da ya taɓa kwana a ƙauyen da ke kan ɗayan layukan nan biyu. Hoto kuwa kamar waƙa ne, yana da kalmomin da sai ɗan gida ke ji. Wanda bai san halin gawo ba, itace kawai zai gani. In jigo ya ambaci manomi, me zai hana a zaunar da mutum ɗaya wanda ya san gona a cikin alƙalai, ko daga sashen aikin gona, ko ma daga ƙauyen? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sa'an nan a raba aikin biyu: a fara tankaɗe hotuna da rariyar jigo, abin da ya wuce shi za a auna da ma'aunin kyau, a kuma rubuta haka a takardar sanarwa tun farko don kowa ya san inda ya dosa. Hoto irin na Rigasa a ware masa yabo na musamman, don ya cancanci yabo, kuma ba na so wannan rubutu ya sa mai shi ya ajiye kyamara.

Da aka yi hutu na je gida, na nuna wa Baffa hotunan a wayata, muna zaune a zaure bayan sallar la'asar. Na fara da na Rigasa. Ya karɓa ya nisanta da idonsa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Tubarkalla. Wannan na wace ƙasa ne?" Na ce na Kaduna ne. Ya ce, "To, Allah ya kawo mana namu lafiya." Na jakin kuwa bai ɗauki lokaci ba, ya ce mangalar ta yi wa jakin nauyi ta gefe guda, yaron bai iya ɗaurin kaya ba.

Da na zo kan nasa sai ya yi shiru. Ya sa yatsa a kan ɗorawar, ya ce da daga inda yake tsaye zuwa gindinta ko numfashi ba ya sakewa, yanzu kuwa sai ya gangara ya bi ta ƙarƙashin kwalbati ya zagayo, da jaki da kaya tafiya ce sosai. Na ce, "Baffa, ai abin da na rubuta ke nan, na ce hoton nan ya faɗi gaskiya." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, a ina ka ce an rataye shi?" Na ce a jami'a, a wani babban zaure, malamai da ɗalibai suna ta gani. Ya ce yarinyar ta gaishe shi da ladabi, ta nemi izini ya ba ta, amma shi ya ɗauka aikin makaranta ne da malami ɗaya zai duba ya mayar mata. Ya sake duban hoton, ya dubi yagaggiyar taguwar da ke jikinsa a ciki, ya miƙo mini wayar.

"Da ta gaya mini manya za su gani," in ji shi, "ai da na shiga gida na sako rigata ta Juma'a."